Sunan da Malam Haladu Ya Haɗiye

Kafin in taɓa mutuncin kowa, bari in fara da nawa. Ba na iya buɗe shafin littafi sai na lashi yatsa. An yi mini faɗa a makarantar allo, an yi mini a boko, matata ta yi har ta gaji ta bar ni da Allah. Kwanan nan ma a cikin mota na kama kaina ina lasar yatsa zan murza fuskar waya. Saboda haka in kun ji ban yi wa Malam Haladu dariya sosai ba a labarin nan, ba kirki ba ne, tsoro ne.

Malam Haladu malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare. Shekararsa hamsin da huɗu, gwiwarsa ta dama na ciwo, kumatunsa ba ya rabo da goro. Shekara talatin yana koyar da kogunan duniya, bai taɓa shiga kwalekwale ba.

Yana da gwaggo a ƙauyen Tsamiyar Goje, Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinsa, autar kakansa Malam Zubairu Mai Tawada. Tana da shekara huɗu mahaifinta ya rasu. Ya bar wata doguwar waƙa da ya rubuta da ajami, a ƙarshenta ya jero sunayen 'ya'yansa yana yi wa kowa addu'a. Yayyenta maza biyar sun tashi suna tsokanarta cewa ban da ita a ciki, wai ko da aka haife ta tawadar Malam ta ƙare. Ba ta iya karatun da za ta duba ba, kuma kunya ba ta bari ta sa a duba mata ba. Ana nan wata shekara mutanen jami'a suka zo a landiroba, suka karɓi gafakar, wato jakar fatar da waƙar ke ciki, suka ce aro ne. Yayyen duk suka mutu ɗaya bayan ɗaya, tsokanar ta zauna.

"Haladu, kai ne ɗan boko," in ji ta. "Ka je ka dubo mini ko Malam ya sa ni. Ba na son in tarar da shi ban sani ba."

"Insha Allahu sati mai zuwa, Gwaggo."

Shekara goma sha ɗaya yana faɗin haka, daga Sallah sai Sallah. A shekarun baya-bayan nan, duk sa'ad da ya buɗe baki sai ta kau da fuska ta ba shi gefe guda, shi kuwa ya ɗauka fushi ne, ya gajarta gaisuwa ya tashi. Sai wata Litinin aka bugo masa waya cewa Gwaggo ta kwanta, ko kunu ba ta sha. Talata da sassafe ya ja gwiwarsa ya nufi laburaren jami'a.

Ɗakin ajiyar tsofaffin rubuce-rubucen hannu a ƙarƙashin bene yake, sanyinsa kamar cikin randa. Mai kula da shi Hajiya Balaraba ce, mace mai tabarau da sarƙa, wadda da gani ta daɗe da daina yarda da mutane.

"Malam, ka wanke hannu. Jaka da biro a waje, fensir kawai. Ba ruwa, ba abinci. Akwai wani abu a bakinka?"

"Haƙora ne, Hajiya. Su ma ba duka ba."

Ya tura ɓarin goron can ƙuryar kumatu. Ta kawo kwali, ta fito da gafakar kakansa, ta kwance igiyar kamar mai kwance jariri daga goyo.

"Warƙoƙin, wato takardun, ba a ɗinke suke ba, kuma ba su da lamba," ta ce. "A ƙasan kowace, ta hagu, marubucin ya sa kalmar farko ta warƙar da ke biye. Ita ce jagorarka. In ka hargitsa su, ni da kai ne."

Ta koma teburinta. Malam Haladu ya shiga karatu yana tuntuɓe, don ajaminsa ya yi tsatsa. Da ƙyar ya kai warƙa ta kusa da ƙarshe, sai ga sunayen a jere: Ɗalha, Isiyaku, Nuhu, Jibo, da Yunusa mahaifinsa, kowa da addu'arsa. A ƙasa ta hagu an rubuta "Sannan". Ashe da saura. Amma warƙar ƙarshe ta manne da wannan. Ya hura, ta ƙi. Ya sa farce, ta ƙi. Bai san lokacin da babban yatsansa ya je baki ya dawo ba.

Warƙar ta buɗe. Layin farko ya ce "Sannan", sai wani farin wuri daidai faɗin yatsa, sai "ya Rabbi ka tsare". Tawadar gawayi da ƙaro ce, ba ta shiri da yawu. Sunan duk ya dawo kan yatsansa, baƙi ƙirin. Ya ji takun Hajiya. Ya yi abin da duk wanda ya tashi da rubutun sha zai yi in ya ga tawada a hannu: ya sa a baki ya tsotse.

Takun Hajiya ya tsaya cak, ƙafarta ɗaya a sama. Agogon bango ya tsaya. Daga cikin gafaka wani tsoho ya zaro kansa, tsawonsa kamu biyu, gemunsa rawaya kamar tsohuwar takarda, siririn da in ya juya gefe ba a ganinsa.

"Ya kai ɗan Adam mai jiƙaƙƙen yatsa," ya ce, da muryar wanda bai yi barci ba tun zamanin kakanni. "Ni ne Barmandu, aljanin da ke gadin takardun nan. Na yaƙi gara, na yaƙi ɓera, na tare yoyon rufi da bayana damina arba'in. Ban taɓa zaton ta yawu za a ci ni ba."

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

"Haka garar ma take cewa."

"To sunan wa ke wurin? Kai da ka daɗe tare da shi."

"Mai gadi ne ni, ba makaranci ba. Duk abin da ya goge daga takarda Birnin Gogaggu yake tafiya, a can Magajiyar birnin take karanta shi. Amma wannan yana cikinka, ba zai iya tafiya da ƙafarsa ba, sai ka kai shi. Ƙasashe uku ne a tsakani. In ka kai ƙarshen kowace, ka duba ƙasa ta hagu, za ka ga abin farko na ƙasar da ke biye. Ka taɓa shi."

"Da nisa? Don gwiwata..."

"Shekara goma sha ɗaya tana hutawa," in ji Barmandu. Ya kama shi a wuyan riga ya tura shi cikin farin wurin nan, kai a gaba.

Ya faɗi a kan jar ƙasa. Ko'ina suri ne, kowanne ya fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo, kuma ƙasar duk tana wani ƙara kamar ana tauna gyaɗa a ɗakuna dubu. Wasu gara masu girman awaki suka kewaye shi, suka kora shi gaban Sarkin Gara, wanda ya kai bijimi, yana kishingiɗe a kan tulin bangon littattafai yana sakace.

"Maraba da ɗan'uwa," Sarki ya ce. "Labari ya iso mu cewa a cikin 'yan Adam an sami mai cin rubutu. Mu nan mun ci fiƙihu, mun ci lissafin taurari, mun ci wasiƙun sarakuna har ƙwannafi ya dame mu. Ba mai wuce ƙasata sai ya ba mu rubutun da ba mu taɓa ɗanɗanawa ba. In babu, mu huda cikinka mu ɗauki wanda ka haɗiye."

Malam Haladu ya laluba aljihu. Sai ya ji wasu takardu a ninke: babin farko na kundin digirinsa na biyu, wanda ya fara shekara goma sha bakwai da suka wuce. Ya taho da shi ne don a ƙofar laburare a san shi ma mai bincike ne. Ya miƙa da hannu biyu, zuciyarsa na ɗan zafi.

Sarki ya gutsura, ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Ya miƙa wa waziri, waziri ya tauna ya dubi ƙasa.

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne, Allah ya ja zamanin Sarki."

"Lallai ba mu taɓa ɗanɗana irinsa ba. Ba gishiri, ba yaji, kuma duk abin da ke ciki mun riga mun ci shi a littattafan wasu. Ku buɗe masa hanya, bawan Allah nan ya sha wahala tun kafin ya zo."

Ya yi tafiyar wuni biyu cikin surin, rana ba ta motsa daga inda take ba. Inda jar ƙasa ta ƙare ya duba hagu, sai ga ƙoƙo cike da baƙin ruwa. Ya tsoma yatsa.

Sai ga shi a bakin wani kogi baƙi, ba a hango gaɓar can. Wata aljana mai ido ɗaya a tsakiyar goshi tana zaune a kwalekwale, kwalekwalen kuwa wani ƙaton alƙalamin kara ne da aka fafe.

"Ya kai mai ciki da rubutu," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Wannan Kogin Tawada ne. Duk rubutun da ruwan sama ya wanke, da wanda ambaliya ta ci, nan yake gangarowa. Kogin zai ji ƙanshin ɗan'uwansa a cikinka, zai kira shi. Kome ka ji, kada ka buɗe baki. In ka buɗe, sunan zai fito ya narke, har abada ba mai tsamo shi."

Ya shiga yana tuna yadda ya sha zana koguna a allo da alli, bai taɓa gaya wa ɗalibai cewa suna sa tashin zuciya ba. Da suka kai tsakiya, igiyar ruwa ta tashi. Kadoji masu jikin haruffa suka riƙa dukan kwalekwalen da wutsiya. Wani abu mai ɗaci ya taso masa daga ciki har maƙogwaro. Ya danne baki da hannu biyu.

Sai kogin ya yi magana da muryar shugaban makarantarsu: "Malam Haladu, wa ka bar wa ajinka?" Wannan bai ba shi wuya ba, ya saba yin shiru a nan. Kogin ya sake kira da muryar matarsa: "Malam, ka sha maganin gwiwar?" Ya daure. Sai ruwan ya lafa, wata murya ta taso a hankali, wadda rabonsa da ita shekara ashirin.

"Haladu. Ni ne Yunusa, ubanka. Ni na fara tsokanar nan, ina da shekara tara. Ban taɓa karanta warƙar ƙarshe ba, ba wanda ya karanta a cikinmu. Wasa ne kawai ya daɗe. Ka je ka gan ta kuwa? Amsa mini, ɗana."

Malam Haladu ya ciji hannunsa har ya ji gishirin jini. Hawaye suka bi ta tsakanin yatsunsa. Bai amsa ba. Muryar ta yi ta kira tana nisa har ta ɓace.

"Yawancinku a nan kuke zubarwa," in ji aljanar da ta sauke shi. "Ni dai na gaji da ganin kukan manya." A ƙasa ta hagu ya ga gammo a yashe. Ya ɗauka.

Sai ga wani fili na rairayi, ba inuwa ko ta kara. Mutane ba iyaka suna tafe a sunkuye, kowa da littafi a ka, littafin kuwa ya danne shi kamar dutsen niƙa. Wani dogon aljani mai bulala ya tare shi, yana hamma.

"Nan Filin 'Yan Aro ne, ya ɗan Adam. Duk wanda ya ce gobe zai dawo da shi, nan yake neman goben."

Can gefe Malam Haladu ya hangi mutum uku cikin tsofaffin kwat suna tura landiroba da ta kafe a rairayi. Ya gane su daga kwatancen Gwaggo. Ransa ya ɗan yi sanyi, har ya ɗaga murya.

"Sannunku da aiki! Gafakar da kuka ara a Tsamiyar Goje fa?"

"Muna hanya, Malam," babbansu ya ce yana haki. "Da ba mu ɗauke ta ba, da gara ta daɗe da cinye ta. Mayarwar ce dai ba ta samu ba. Kai fa, me ka aro?"

"Ni? Ban ari littafin kowa ba."

Aljanin ya buɗe wata doguwar takarda. "Ba littafi kaɗai ake ara ba. Ka ari sati guda a wurin wata tsohuwa, ka yi ta sabunta aron. Ɗora gammonka."

Tubala suka fara saukowa daga sama suna jeruwa a kansa, kowane tubali da "sati mai zuwa" a rubuce a jikinsa, da rubutun hannunsa. Na Ƙaramar Sallah, na Babbar Sallah, na waya, na saƙon baki. Wuyansa ya shige cikin kafaɗu. Aljanin ya nuna masa wani tudu mai nisa, da farin abu a ƙwanƙolinsa.

Bai san kwana nawa ya yi yana hawa ba. Gwiwar dama ta daina ciwo ta koma kuka, ta hagu ta kama. Sau uku yana faɗuwa, tubalan su watse, ya bi su ya tsince, don aljanin ya ce ko ɗaya ya bari sai ya koma farko. A ƙarshe da rarrafe ya ƙarasa. A ƙasa ta hagu ya ga ɗan farin ƙyalle. Ya taɓa shi da goshi, don hannuwan ba su da sauran amfani. Kayan suka ɓace.

Birnin Gogaggu fari ne fat, ganuwa da gidaje da ƙasa, kamar takardar da ba a taɓa ba. Mazaunansa suna zaune a gindin bango, ba su da fuska sosai, kamar hoton da rana ta ci. Sunaye ne da aka goge, da baitocin da aka manta, da kwanan watan haihuwar mutane. Yana wucewa kowa na ɗago kai yana tambaya a hankali, "Ni aka aiko a kira?" Ya yi ta ba su haƙuri har ya kai zauren Magajiya.

Tsohuwa ce ƙwarai, gashinta ya zubo har ƙasa ya zama tabarmar da take zaune a kai.

"Ya kai wanda ya zo da ƙafarsa inda ake zuwa a goge," ta ce. "Tofar da goron nan tukuna. Ƙasashe uku ka ratsa da shi, ko kunya."

Ya tofar.

"Miƙo harshe."

Ya miƙa. Ta matso da fitila, ta duba, leɓunanta suka motsa. Ta koma ta zauna.

"Na karanta."

"Ranki ya daɗe, sunan wa?"

"Ba a faɗa a nan. Abu biyu ne, ka zaɓi ɗaya. Ko in mayar da shi takarda, ya zauna shekaru ɗaruruwa kowa ya karanta, amma sai bayan damina bakwai zai bayyana. Ko in ɗora maka shi a kan harshe ka kai wa kunne ɗaya. Kalmar farko da za ta fita bakinka, shi ne. Sau ɗaya zai fita. Kai ba za ka ji shi ba, ba za ka tuna shi ba, takardar kuma ta zauna fara har tashin duniya."

Malam Haladu ya tuna Hajiya Balaraba da yadda ta kwance igiyar gafaka. Ya tuna Barmandu da damina arba'in a bayansa. Ya tuna masu bincike da za su zo bayan shi, waɗanda wataƙila su za su gama nasu kundin. Sannan ya tuna kofin kunun da aka ce yana ajiye ya huce.

"Ba ta da damina bakwai," ya ce. "Ko bakwai ɗin kwana ban tabbata ba. A ɗora mini."

"In kuma ba sunanta ba ne?"

"To ta ji daga bakin wanda ya je ya duba."

Magajiya ta dangwali harshensa da yatsa mai sanyi. "Rufe bakinka. Da ka yi haka tun farko, da duk mun huta."

Ƙafar Hajiya Balaraba ta sauka ƙasa. Agogo ya ci gaba, ƙarfe goma saura. Ta iso teburin, ta dubi warƙar, ta dubi yatsansa, ta cire tabarau.

"Malam, mene ne wannan? Malam! Da kai nake. Takardar nan ta fi shekara tamanin, ta tsallake gara, ta tsallake gobara, sai yau? Ka yi magana mana! Ɗazu ba kai ne mai zancen haƙora ba?"

Ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta durƙusuwa, ya haɗa hannu biyu. Ta rubuta sunansa a littafin waɗanda ba za su sake shiga ɗakin ba, kuma ya ga ba fushi kaɗai ba ne, har da ƙwalla. Wannan ya fi tubalan nauyi.

A tasha ya nuna motar Tsamiyar Goje da yatsa. Kwandasta ya ce, "A matsa wa bebe, bayin Allah." Wata mata ta yi ta ba maƙwabciyarta labarin yadda ciwon nan ke kama manya farat ɗaya. Matarsa ta kira sau shida, yana kallon wayar. Wani ya taka masa gwiwa da buhun albasa, ya haɗiye ihun. Atishawa ta taso masa sau biyu, ya murƙushe ta da hula.

Ana kiran azahar ya isa. Ya faɗa gidan ba sallama, mata suka watse suna jan mayafi.

"Yaya Haladu, lafiya? Ko sallama babu?" in ji Lantana, matar ɗan Gwaggo, mai jinyarta.

Ya wuce ta. Gwaggo Tasalla na kwance a kan gefenta na dama, fuskarta na duban alƙibla, ta ƙanƙance kamar yarinya. Idonta biyu. Ya durƙusa, ya kai bakinsa daidai kunnenta, ya buɗe. Ya ji wani abu mai sanyi ya fita, kamar an zare masa ƙaya. Bai ji me ya ce ba.

Ta juyo a hankali ta dube shi: rigar da ta yi jar ƙasa, hannun da ya ciza, fuskar da ta jiƙe. Ta daɗe tana dubansa.

"Ka je ke nan," ta ce.

"Na je, Gwaggo."

"Alhamdu lillahi. Na san Malam ba zai bar ni ba." Ta lalubo kansa ta dafa. "Allah ya yi maka albarka. Lantana, ɗumamo mini kunun nan."

Ta sha rabin kofi. Ta ƙara kwana tara, ta rasu ranar Alhamis da hantsi, kuma duk wanda ya shiga gaishe ta a kwanakin nan sai ta gaya masa Haladu ya je ya dubo. Shi kuwa ya koma aji, ya daina goro, kuma da ya zo darasin koguna sai ɗalibai su ga ya tsaya yana duban taga.

A kunnen hagu ya raɗa mata, don na dama yana kan matashi. Shekara tara ke nan Gwaggo Tasalla ba ta jin kome da kunnen hagu. Kowa a gidan ya sani.